Ɗanmu Ba Aiki, Coci Ta Ce Ya Zo Ya Koyi Sana'a: Mu Bar Shi Ko Mu Hana Shi?

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya halicci bayinSa, Ya kuma raba masu arziki ta hanyoyin da Ya so. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, 'yan'uwa mazauna Herwagana, akwai wata tambaya da ta daɗe tana yawo a majalisunmu da ƙofofin masallatanmu. Yawanci iyaye ne ke yin ta, murya ƙasa-ƙasa kamar masu jin kunya. Yaro ya gama sakandare, wani ma har da NCE ko digiri, ga shi shekara biyu, uku yana zaman kashe wando. Sai labari ya zo cewa wata coci, ko wata ƙungiya da ke ƙarƙashin coci, tana koyar da ɗinki, walda, gyaran waya, kwamfuta ko haɗa sabulu. Wanda aka yaye a ba shi kayan aiki ko ɗan jari, ko a haɗa shi da wanda zai ɗauke shi aiki. An kuma ce ba a tambayar addinin mutum. To, a bar shi ya je, ko a hana shi?

Idan aka jefa tambayar nan a majalisa, nan take jama'a ke rabuwa biyu. Wasu su ce haramun ne, tarko ne, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wasu su ce ai yunwa ba ta san wa'azi ba, duk inda abinci yake a je a ɗauko. Kowane ɓangare yana da guntuwar gaskiya a hannunsa, amma duka biyun sun yi gaggawar rufe magana. Bari mu bi ta a hankali.

Mu fara da halin da yaran suke ciki, domin hukunci ba ya sauka a kan iska. Tun da aka ƙirƙiri Jihar Gombe ranar 1 ga Oktoba, 1996, garin nan yake cika yana batsewa. Bayan rikicin Boko Haram kuma, musamman daga 2014, 'yan'uwanmu daga Borno da Yobe da Adamawa suka ƙaru mana. An buɗe Jami'ar Jihar Gombe a 2004, aka buɗe ta Tarayya da ke Kashere a 2011, kowace shekara ana yaye ɗalibai, alhali kujerun sakatariya ba su ƙaru da wannan yawan ba. N-Power da aka fara a 2016 da alawus na naira 30,000 a wata ta ɗan rage zafi ga waɗanda suka samu, sannan ta wuce. Da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, har ɗan acaɓa da mai Keke Napep sai da lissafinsu ya rikice. A 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce mutum miliyan 133 ne ke cikin talauci ta fuskoki daban-daban a Nijeriya. Mu dai ba sai an kawo mana takarda ba, muna ganin rabonmu a kan dakalin kowane lungu.

Kuma mun san inda zaman banza yake kai yaro a garin nan. Tun wajen zaɓen 2003 sunan Kalare ya shiga bakinmu, kuma har yau bai fita ba. Gwamnatin Ibrahim Hassan Dankwambo ta ɗebi wasu daga cikinsu ta ba su kaki da aiki, amma bayansu wasu sun taso. Ga ƙwaya, ga ƙwacen waya. Saboda haka uban da ke wannan tambaya ba tsakanin coci da masallaci yake zaɓe ba. Sau da yawa tsakanin wurin koyon sana'ar nan da majalisar 'yan shaye-shaye yake zaɓe. Duk mai ba shi amsa ya riƙe wannan a ransa.

Yanzu ga abin da muka karanta a gaban malamanmu. Mu'amala da wanda ba Musulmi ba a harkar saye da sayarwa, ƙwadago, koyon sana'a da karɓar kyauta, asalinta halal ne. Aya ta 8 a Suratul Mumtahana ta buɗe ƙofar kyautatawa da adalci ga waɗanda ba su yaƙe mu don addini ba, ba su kuma kore mu daga gidajenmu ba. Tarihin Manzon Allah (SAW) cike yake da misalai. Lokacin da azaba ta yi tsanani a Makka, wurin Najjashi, sarkin Habasha, Kirista a lokacin, ya tura sahabbansa neman mafaka. Ranar hijira zuwa Madina, ɗan jagoran da aka ɗauka haya, Abdullahi ɗan Uraiƙiɗ, bai musulunta ba tukuna, amma aka ba shi amanar hanya saboda ya san ta. Bayan yaƙin Badar, wasu fursunonin da ba su da kuɗin fansa sun fanshi kansu da koyar da yaran Madina rubutu, wato mushirikai suka zama malaman 'ya'yan sahabbai. Ya karɓi kyautar Muƙauƙis na Masar. Ya kuma bar duniya sulkensa yana jingine a wurin wani Bayahude saboda sa'i 30 na sha'ir da ya karɓo wa iyalinsa. Wanda ya san wannan duka ba zai yi saurin cewa koyon walda a hannun Kirista haramun ne ba.

Mu kanmu a aikace mun daɗe da yanke wannan hukunci. Asibitin ido na ECWA da ke Kano tun 1943 yake aiki, kuma dattawanmu nawa ne aka kai can aka cire masu yanar ido suka dawo suna karanta Alƙur'ani? Ba wanda ya ce sallarsu ta ɓaci. A kasuwa muna sarin kaya a hannun Ibo, muna ba su bashi suna ba mu. Yaranmu da yawa a garejin Kirista suka koyi kanikanci. Bambancin kawai shi ne wannan karon sunan coci yana rubuce a jikin allon.

To amma masu tsoro ma ba mahaukata ba ne, kuma bai dace a yi masu dariya ba. Ruwa ba ya tsami banza. Mishan ta SIM ta sauka ƙasar Tangale a 1917, kuma tun daga farko makaranta da magani suna tafiya tare da bishara, su kansu ba su taɓa ɓoye wannan ba. Daga cikin aikinsu ne ECWA ta fito a 1954. A zamanin Turawa, da aka ba mishan izinin riƙe sansanonin kutare a ƙasashen sarakunan Musulmi, irin su Yadakunya a Kano da Amanawa a Sakkwato da Babbar Ruga a Katsina, an samu waɗanda suka shiga neman magani suka fito da wani addini. Kakanninmu sun ga wannan, shi ya sa da yawansu suka ƙi boko gaba ɗaya. Tsoron da ake ji yau jikan wancan ne.

Sai dai a nan akwai wata gaskiya da ya kamata mu faɗa wa kanmu. Cewa mai ba da taimako yana fatan zuciyarka ta karkata zuwa addininsa, wannan shi kaɗai bai mayar da taimakon ƙazanta ba. Mu ma muna da irinsa. Cikin kashi takwas na masu cin zakka da aya ta 60 a Suratut Tauba ta lissafa, akwai waɗanda ake lallashin zukatansu. Duk Musulmin da ya kyautata wa maƙwabcinsa Kirista, a can cikin ransa yana so Allah Ya shirye shi. Ba za mu kira namu da'awa mu kira nasu yaudara ba, alhali aikin iri ɗaya ne. Abin da ya kamata mu duba shi ne bambanci tsakanin fata da sharaɗi. Fata yana cikin zuciyar mai bayarwa, tsakaninsa da Ubangijinsa. Sharaɗi kuwa farashi ne da aka ɗora wa mabuƙaci, kuma duk wanda ya sa addinin mayunwaci a sikeli ya auna shi da keken ɗinki ya zalunce shi, ko fasto ne ko liman.

Ƙissar Khabbab ɗan Aratti (RA) ta raba mana gardamar nan. Maƙeri ne a Makka. Ya yi wa Asi ɗan Wa'il aiki, mushiriki kuma babba a cikin Ƙuraishawa. Da ya je karɓar haƙƙinsa, Asi ya ce ba zai biya ba sai ya kafirce wa Annabi (SAW). Khabbab ya ƙi, ya haƙura da kuɗin. Ayoyi suka sauka a Suratu Maryam a kan Asi. Ku lura da kyau: ba a zargi Khabbab don ya yi wa mushiriki aiki ba. Aikin ya yi, guminsa ya nema. Inda ya ja birki shi ne lokacin da aka sa addininsa cikin ciniki. Iyakar kenan, kuma ita ce za mu koya wa 'ya'yanmu.

Saboda haka uban da wannan al'amari ya zo wa, kada ya yanke hukunci daga kan tabarmarsa. Ya sa takalminsa ya je wurin da kansa, ya gaisa da masu wurin, ya yi tambaya ido da ido. Sana'ar da ake koyarwa halal ce a karan kanta? Idan lokacin Azahar ya yi, yaro zai samu ya yi sallarsa, ranar Juma'a kuma a sake shi ya tafi masallaci? Akwai addu'a ko waƙar ibada da dole sai kowa ya shiga kafin a fara darasi, ko wanda ba addininsa ba ne yana iya tsayawa gefe? Yarinya za ta shiga da hijabinta? Kayan aikin da za a bayar ranar yaye, an rataya su a kan zuwa sujada? Idan amsoshin sun yi daidai, ya bar ɗansa ya je, ya yi masu godiya kuma, domin addininmu ya koya mana cewa godiya ga mutane tana cikin godiya ga Allah. Idan kuwa ya tarar da sharaɗi, ya janye ɗansa cikin mutunci, ba zagi, ba tara jama'a, ba kai magana Facebook. Garin nan ya ga isasshen tashin hankali.

A kuma duba wane ne za a tura. Saurayi ɗan shekara 25 da ya sauke Alƙur'ani ya san Ahalari da Ishmawi daban yake da yaro ɗan shekara 11 ko marayan da ba mai bibiyarsa. Ƙaramin yaro da za a ɗauke shi daga gida ya kwana can ya tashi can, wannan wata magana ce dabam, kuma ba mu ba da shawarar a yi ta ba. Wanda zai je da safe ya dawo da yamma ya ci tuwon gidansu ya tafi makarantar dare, tsoron da ake ji a kansa kaɗan ne. In kuwa har imanin ɗanmu bai iya jure wata shida a gaban keken ɗinki ba, to a koma a duba tarbiyyar da ya samu, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Kada kuma mu ɗauka duk taimakon da ya fito daga coci da ƙugiya a cikinsa. A Yola, Bishop Stephen Dami Mamza na Katolika ya sauki dubban 'yan gudun hijira a harabar cocinsa tun 2014. A 2021 ya buɗe masu gidaje 86 a Sangere-Marghi, kuma da yake akwai Musulmi a cikinsu, ya gina masu masallaci. Wasu daga cikin mutanensa sun yi masa surutu a kan haka. Mu ma muna da namu: Liman Abdullahi Abubakar na ƙauyen Nghar Yelwa a Barikin Ladi, wanda a watan Yuni na 2018 ya ɓoye ɗaruruwan Kiristoci a masallacinsa da gidansa ya tsaya a ƙofa. Mutanen kirki suna nan ta kowane ɓangare, kuma mummunan zato ba tare da bincike ba zunubi ne da aka hane mu da shi.

Yanzu mun zo inda maganar ta fi nauyi, wato kanmu. A ce bincike ya nuna akwai sharaɗi, mun hana yaro zuwa. Sai me? Ya koma kan dakali? Wanda ya ce "kada ka je" ya ɗauki wani nauyi a wuyansa, nauyin cewa "zo nan". Hani kyauta ne, ba ya cin ko sisin mai yin sa, yaron ne ke biya da shekarunsa. Idan mai kuɗi ya ƙoshi ya yi wa mayunwaci wa'azin haƙuri, sannan ya toshe masa ƙofar da wani ya buɗe, bai buɗe tasa ba, to ba kishin addini ya yi ba, kunyar kansa yake rufewa. An ruwaito mana cewa imanin mutum bai cika ba idan ya kwana da ƙoshi maƙwabcinsa na kwana da yunwa yana sane.

Mu tambayi kanmu yadda aka yi su suke iyawa. Ba wani asiri ba ne. Kirista mai riƙo da addininsa yana fitar da zakkarsa, ɗaya cikin goma na abin da ya samu, ga baiko duk Lahadi. Kuɗin yana shiga littafi, akwai ma'aji, akwai kwamiti, ana karanta lissafi a gaban jama'a. Zumuntar mata ta san wace gwauruwa ce ba ta da abin yi, ƙungiyar matasa ta san wane ne ya gama makaranta yake zaune. Wasu kuma suna samun gudummawa daga 'yan'uwansu na Turai da Amurka, gaskiya ne, amma mai ba da gudummawa ma inda ya ga tsari yake kai kuɗinsa. Mu a nan sahu yana cika sau biyar a rana, kafaɗa da kafaɗa, amma sau da yawa liman bai san cewa saurayin da ke tada iƙama ya shekara uku ba aiki ba.

Alhali kayan aikin duk suna cikin addininmu da al'adarmu. Da Abdurrahman ɗan Aufu (RA) ya isa Madina hannu wofi, ɗan'uwansa Sa'adu ɗan Rabi'u ya yi masa tayin rabin dukiyarsa, shi kuwa ya nemi a nuna masa hanyar kasuwa kawai. Sayyidina Umar ya yi waƙafi da gonarsa ta Khaibar, Sayyidina Usman ya sayi rijiyar Ruma ya bar wa jama'a. Malaman fiƙihu sun yi bayanin cewa ana iya ba matalauci zakkar da za ta wadatar da shi shekara, wasu ma suka ce a ba mai sana'a abin da zai sayi kayan aikinsa da shi. A garin nan ma akwai Gidauniyar Zakka da Waƙafi da ke ƙoƙarin farfaɗo da wannan, sai dai hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Iyayenmu da kakanninmu da suka zo garin nan daga Kano, Katsina, Haɗeja, Borno da sauran wurare, bayan an dawo da hedikwatar masarauta nan Gombe a 1919, da lokacin da auduga da gyaɗa da jirgin ƙasa suka buɗe kasuwa, ba ofishin samar da aiki suka tarar ba. Baƙo ya sauka a zauren maigida, a ba shi tabarma da tuwo, gobe a kai shi kasuwa a ce wannan yarona ne. Ya yi shekaru yana tsaron shago, ranar da ya isa a sallame shi da jari, wani har a yi masa aure. Da yawa daga cikin manyan 'yan kasuwar da muke gaisarwa yau haka suka tashi. Wannan tsarin shi ne ya yi rauni. Yanzu yaron shago sai ya yi furfura yana yaron shago, maigida kuma yana cewa yaran zamani ba amana. Akwai gaskiya a koken maigida, amma yaron da bai ga ranar sallama a gabansa ba, da wuya ya riƙe amana.

Ga abin da muke ganin za mu iya, ba sai mun jira gwamnati ba. Kowane masallacin unguwa ya samu littafi guda, a rubuta sunan duk saurayi da budurwa da gwauruwar da ke neman abin yi, da abin da kowa yake sha'awar koya. A ɗaya shafin a rubuta masu sana'ar da ke sallah a nan: tela, kafinta, magini, mai walda, mai gyaran waya, mai shago a Babbar Kasuwa, dillalin hatsi a Tudun Hatsi. Kowannensu ya ɗauki yaro ɗaya, a yi yarjejeniya a rubuce gaban shaidu, shekara kaza, sallama kaza. A ce mutum 200 kowa ya ajiye naira 500 duk Juma'a, naira 100,000 kenan a mako, miliyan 5 da dubu 200 a shekara. A sa amintattu uku su riƙe, a karanta lissafi duk wata bayan sallar Isha'i, kowa ya ji.

Masu fitar da zakka kuma su sake lissafi. Wanda kayan shagonsa suka kai naira miliyan 40, zakkarsa miliyan 1 ce. Idan ya raba ta dubu bibbiyu ga mutum 500 a ƙofar gida, kafin Magariba ta ƙare a cefane, baɗi kuma su dawo su 500 ɗin. Idan ya duba mabuƙata uku ko huɗu da suka iya sana'a ya damƙa masu su sayi kayan aiki, akwai fatan nan da 'yan shekaru wani a cikinsu shi ma ya fara fitarwa. Tsofaffi da marasa lafiya da ba za su iya aiki ba suna da haƙƙinsu, kada a manta da su, amma mai ƙarfi a jika jari ya fi masa amfani.

Idan Allah Ya sa muka kafa namu, akwai jarrabawa guda da ke jiranmu. Ranar da ɗan maƙwabcinmu Kirista, Batangale ko Bawaje ko Ibo, ya zo ya ce shi ma yana son koyon sana'a, me za mu ce masa? Abin da muka nema wa ɗanmu a wurinsu, shi za mu ba nasu: a koya masa tsakani da Allah, a sake shi ranar Lahadi, kada a sa addininsa cikin ciniki. Malamai suna da bayani a kan wanda ake ba zakkar farilla, amma sadaka da koyar da sana'a da ɗaukar yaron shago ƙofarsu a buɗe take. An ruwaito cewa Sayyidina Umar ya ga wani tsoho Bayahude yana bara, ya sa aka yanka masa abin da zai ci daga baitulmali. In mun ƙi yi wa nasu abin da muke so su yi wa namu, to ba mu da bakin yin ƙorafi.

Muna roƙon limamai da masu unguwa da shugabannin 'yan kasuwa na Herwagana su zauna a kan wannan kafin azumi mai zuwa, lokacin da mafi yawanmu ke fitar da zakka. Ba a fafe gora ranar tafiya. Iyaye kuma da tambayar ta riga ta zo ƙofarsu, su je su gani da idonsu, su yi shawara da malamin da suka amince da iliminsa, su yi istihara.

Allah Ya ba 'ya'yanmu sana'a mai albarka, Ya tsare masu imaninsu, Ya zaunar da garinmu lafiya tare da maƙwabtanmu. Allah ne Mafi sani.